Ginin 3D: Kafin a yi zumuɗin sayen inji, a fara sanin kwaɓi

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon nan: wata ƙatuwar na'ura tana zagayawa, tana zubo siminti layi bisa layi kamar man goge baki, kafin a ankara bango ya tashi. Wannan shi ne ginin 3D, kuma ya wuce matakin gwaji. A 2021 kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta a gundumar Salima ta ƙasar Malawi cikin awa 18. Dubai kuma ta sa wa kanta burin kashi 25 cikin ɗari na sababbin gine-ginenta su zama na 3D nan da 2030.

Masu kallo inji suke yabawa. Amma inji shi ne ɓangare mai sauƙi: ƙarfe ne da mota da manhaja mai bin taswira. Wuyar aikin tana cikin abin da ke fitowa daga bakinsa.

A ginin da aka saba, kafinta yana haɗa katako, a zuba kankare a ciki, katakon ya riƙe shi har ya kama. Ginin 3D ba shi da katako. Don haka ana neman abubuwa uku daga kwaɓi ɗaya, kuma ukun ba sa jituwa. Dole ya yi laushin da famfo zai tura shi cikin tiyo ba tare da ya toshe ba. Dole ya fita daga bakin inji ba tare da ya tsinke ba. Sannan da zarar ya sauka, dole ya tsaya cak ya ɗauki nauyin layukan da za su hau kansa. Ke nan ana so ya shiga tiyo kamar kunu, ya sauka kamar tuwo.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka kaurin kowane layi santimita 2 ne, inji kuma yana gama zagaye ɗaya cikin minti 3. Bango zai kai mita ɗaya a layi 50, wato awa biyu da rabi. A lokacin, layin ƙasa yana ɗauke da nauyin da ya haura tan 2 a kan kowace murabba'in mita, alhali bai gama kamawa ba. In ƙarfinsa bai riga nauyin ƙaruwa ba, zai baje, ko bangon ya karkace ya zube. In kuma ya yi saurin bushewa, layi na gaba ba zai manne da shi ba, a samu gaɓa mai rauni inda ruwa zai shiga. Maginan gargajiya a ƙasar Hausa sun san wannan tuntuni, shi ya sa suke barin sahun tubali ya sha iska kafin su ɗora wani. Bambancin kawai shi ne inji ba ya jira.

Injiniyoyi suna sarrafa wannan da sinadarai. Akwai mai sa kwaɓi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba, akwai mai jinkirta kamawa, akwai mai hana ruwa rabuwa da yashi. Dabara mafi ma'ana ita ce a bar kwaɓin da laushinsa a cikin tiyo, sai a daidai bakin inji a zuba masa sinadarin hanzarta kamawa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne al'adar nan ta "ƙara masa ruwa", domin ruwan da ya wuce kima yana rage ƙarfin kankare.

Kuskuren kwaɓi yana da tsada. A 2023 an rushe wani gidan 3D da ake ginawa a garin Muscatine na jihar Iowa a Amurka, saboda gwaji ya nuna kankarensa bai kai ƙarfin da ake buƙata ba. Inji ya ɗora bango yadda aka umarce shi, abin da aka zuba masa ne ya gaza.

Wani zai ce ai kamfanoni na sayar da haɗaɗɗen gari a buhu, sai a zuba ruwa kawai. Gaskiya ne, amma a nan tarkon yake. Irin wannan gari yakan ci siminti fiye da kankaren yau da kullum, ya fi shi tsada, kuma wanda ya dogara da shi ya zama kamar mai firintar da ba ta karɓar tawada sai ta kamfaninta. Ban da haka, kwaɓin da ya yi daidai a sanyin Turai ba lallai ya yi a zafin Afrilu na Sakkwato ba, balle a busasshiyar iskar hunturu mai zuƙe ruwa daga layi tun kafin na gaba ya iso. Hatta damshin yashi yana canzawa tsakanin safe da rana. Shi ya sa kamfanin COBOD na Denmark da na Cemex suka fito da tsarin D.fab, wanda ke ba da damar buga gini da yashi da tsakuwa da simintin wurin da ake aikin.

A nan ne matasa masu sha'awar kwamfuta suke da abin yi. Kwaɓin da halinsa ke canzawa daga minti zuwa minti yana buƙatar a riƙa auna shi: matsin famfo, zafin kwaɓi, damshin yashi, da faɗin layin da kamara ke gani. Sai manhaja ta tattara waɗannan, ta rage gudun inji ko ta daidaita sinadari kafin bango ya fara lanƙwasa. Duk jami'a ko ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da irin wannan na'ura, ya kamata ya fara da ƙaramin ɗakin gwaji, ya gwada yashin garinsu a zafin garinsu, ya rubuta sakamakon. Mai kuɗi yana iya yin odar inji daga waje a yau, amma babu mai aiko masa da bayanin yadda yashin kogin garinsu yake shan ruwa.