Wane Fenti Ya Kamata Mu Shafa Wa Jirginmu?

Gardama ta tashi a ɗakin kafinta a kan ƙaramin jirgin da muka sassaƙa, kwaikwayon DH.9A mai fukafukai hawa biyu. Irinsa uku ne suka taso daga Masar, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. Waɗansunmu sun ce a shafa masa kore da ja don ado. Mu dai mun ce ruwan azurfa, kamar na ainihin, gama da yadi aka lulluɓe fukafukansu, wannan fenti kuwa shi ke tsare yadin daga rana. Makarantar Wanke za a kai shi. Abin da yaro ya gani a hannun malaminsa, shi zai riƙe har tsufa. To, kada mu koya masa ƙarya saboda ado.