A Sa Bangon Aji Ya Koyar Da Lissafi

'Yan'uwa mata, yarinyar da ke zaga unguwa da farantin ƙosai ba ta kuskuren canji. A ba ta naira 500 a sayi na 350, kafin mai saye ya rufe baki ta miƙo masa 150. Amma in ta zauna a aji uku, malama ta rubuta 32 a ɗebe 17 a kan allo, sai ta yi zuru. Ƙarshen zango a kawo sakamako gida, uba ya duba ya ce ba ta da kan boko, gara ta zauna ta taya uwarta aiki. Yara mata da yawa ta wannan ƙofa suke barin makaranta. Alhali kuwa kanta lafiya lau. A wajen talla tana riƙe da abin da take ƙirgawa, a aji kuwa daga allo sai alli.

Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, a 1976, yara suka yi wa azuzuwa yawa, kayan koyarwa suka kasa. An zo da UBE a 1999, kukan bai ƙare ba. To, malama ba za ta naɗe hannu tana jiran a aiko mata da kaya ba, ga bango huɗu a tsaye ba su aikin komai.

Wasu malaman suna ƙoƙarin yin ado, ba mu hana musu yabo ba. Sai dai a liƙa tsohuwar kalanda da hoton tuffa can sama kusa da rufi, su shekara har rana ta cinye launinsu, wannan ado ne na masu duba makarantu. Abin da aka yi don yaro, a sa shi daidai idonsa, inda hannunsa zai kai. A samu kwali a zana gida 100, goma-goma a layi, yaro ya bi da yatsa ya gane da kansa cewa a ƙarƙashin 7 akwai 17, a ƙarƙashinta 27. Mu mata ai mun san jere. Wadda ta jera tasoshi layi 4, kowane layi guda 6, ta san 24 gare ta ko ba ta taɓa jin kalmar "sau" ba. A yi irin wannan jere a bangon aji da marafan kwalba.

Abin da ya fi wahalar da yara shi ne aro a wajen ɗebewa, maganinsa kuma tsinken tsintsiya ne. A ɗaure goma-goma da zare. 32 ta zama ɗauri 3 da tsinke 2. A ce wa yarinya ta cire 17. Za ta ga 2 ba su isa a cire 7 ba, sai ta kwance ɗauri guda, su zama 12. Ta cire 7 saura 5, ta ɗauke ɗauri ɗaya saura ɗaya, ga 15 a hannunta. Wadda ta kwance zaren nan da yatsunta sau biyar ba sai an yi mata tsawa ta haddace "ka ari ɗaya" ba. Ko a bakin kakanninmu ma akwai ɗebewa, don har yau tsofaffi kan ce ashirin ba ɗaya a maimakon 19.

Iyaye mata, kayan nan duk a tsakar gidanku suke: ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, gwangwanin madara, guntun tsintsiya. In malama ta aiko a ba yarinya, kada a ce bola take tarawa. In kuma kina auna gero, ki bar ta ta ƙirga mudu, ki tambaye ta rabi nawa ke cika mudu 3. Ku kuma 'yan makaranta manya, ku zauna da ƙannenku bayan la'asar, duwatsun carafkenku sun isa a yi tarawa da ɗebewa.

Abu guda malama za ta kula da shi. Ajin da ba shi da ƙofa ko taga, awaki da ruwan damina ba su barin kwali, gara kuma ba ta barin tsinke. A huda kwalin a rataye shi da igiya a jikin ƙusa don a iya saukewa in an tashi, a zuba tsinken a gwangwani mai murfi, a naɗa yara biyu kowane mako su riƙa kai su ofishin hedimasta.