Kafin Ka Sayi Kyamarar Bidiyo Domin Tafiya Jos

A makon jiya wani mai karatu ya aiko mini da takarda daga Gusau, yana cewa zai kai iyalinsa Jos hutun ƙarshen shekara, kuma yana neman shawara a kan irin ƙaramar kyamarar bidiyon da ya kamata ya saya. To Malam, ka zo gidan, domin ni ma na taɓa yin wannan ciniki, na kuwa ji a jikina.

A shekarar 2019 na kai kakana Bukuru, inda ya yi aikin haƙar kuza yana saurayi. Ya tsaya a bakin wani tsohon ramin haƙa wanda ruwa ya cika, ya yi ta ba da labarin zamaninsu har kusan rabin awa, ni kuwa ina ɗauka da wata kyamara wadda mai kanti ya cika ni da yabonta. Da muka koma gida muka kunna, sai ga tsoho bakinsa yana motsi, amma ba abin da ake ji sai kukan iska. Shekara na zagayowa Allah Ya yi masa rasuwa, labarin nan kuwa ya tafi tare da shi.

Darasin da na koya shi ne, kada mutum ya sayi kyamara domin manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali, ya saye ta domin wurin da za shi. Jos kuwa tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ga iska, ga sanyin hunturu wanda ya fi na yawancin garuruwanmu.

Saboda haka abu na farko shi ne murya. Ka nemi kyamara mai kafar da za a jona makirufo na dabam, sa'an nan ka sa wa makirufon hularsa ta soso ko ta gashi, wadda ke tare iska. Na biyu shi ne batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi, don haka ka zaɓi wadda ake cire batirinta, ka sayi na biyu ka ajiye shi a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai same shi.

Na uku shi ne jawo nesa kusa. Idan ka shiga gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, ko ka tsaya kana hangen duwatsun Shere, a nan ne kyamara ta fi wayar hannu. Amma fa jawowa iri biyu ce. Akwai wadda gilasan kyamara ke yi da kansu, ita ce ta ƙwarai, kuma sau 20 zuwa 30 ya ishe ka. Akwai kuma wadda na'ura ke kumbura hoto kawai har ya dushe, ita ce ake rubuta wa sau ɗaruruwa domin jan hankalin mai saye. Bugu da ƙari, duk sa'ad da ka jawo abu daga nesa, ƙaramar rawar hannu takan zama babba, saboda haka ka tabbata tana da na'urar hana hoto girgiza.

Na huɗu shi ne wurin ajiya. Sa'ad da kamfanin Sony ya fito da Handycam a 1985, kaset ake sa mata. Yau kuwa kati ne, kuma katin 64GB yakan ɗauki awa 5 zuwa 8 na hoton Full HD, alhali a 4K ba ya wuce wajen awa 2. Mai ɗaukar iyalinsa Full HD ya wadatar da shi, ragowar kuɗin ya sayi batir da makirufo.

Kada ka biya sai ka gwada. Ka fita da ita ƙofar kanti, ka sa wani ya yi magana daga taku biyar, ka kunna ka saurara. In kuwa kuɗinka bai kai ba, wayarka da ɗan makirufo mai kyau sun fi kyamarar banza.

Daga ƙarshe, ka riƙe ladabi. A gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye gumakan yumɓu na Nok, ka tambayi ma'aikata kafin ka ɗauki hoto. Kada ka auna shingen jami'an tsaro, kada kuma ka ɗauki mutum ba da yardarsa ba. Duwatsun Riyom da ruwan Assop suna nan ko baɗi ka koma, amma tsohon da ke tare da kai ba ka da tabbacin haka. Ka fara da shi.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.