Littafin Bashin Gwaggo

 Ga kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ana ta roron wake, iskar hunturu kuma ta soma kaɗawa da asuba. Mun sani a gidaje da yawa yanzu an fara lissafin kayan da za a ɗinka wa yara na Kirsimati. Ko a makarantarmu 'yan aji uku sun soma gardama a kan launin rigunansu, wanda ba a yi wa alkawari ba kuwa sai ka ga ya sunkuyar da kai. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a watan nan mu ba ku labarin wani shago na gidanmu, da wani littafi da muka tsinta a ƙasan akwati, wanda ya ba mu kunya ƙwarai da gaske.

Mai shagon Gwaggonmu ce, watau yayar mahaifinmu. Shagon yana cikin garin Ɗambatta, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura. Wanda ya san ƙasarmu ya san gona a jikin gona ta ke, ba a barin saura, gado kuma ya rarraba ƙasa har abin da magidanci zai noma ba ya kai shi wata damina. Saboda haka kowane gida sai ya haɗa da sana'ar rani. Gwaggo mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da 'yar gona wadda jaki ma ba zai gaji da kai mata taki ba. Abin da ta ke da shi kaɗai shi ne ɗinkin da ta koya tun tana budurwa.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, watau ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Mu ba a haife mu ba tukuna, amma Baba ya sha ba mu labari. Ya ce yara suka yi ta kwararowa makaranta daga ƙauyuka, kowane kuwa yana bukatar riga da gajeren wando, 'yan mata kuma doguwar riga da ɗankwali. Telolin gari sun fi son manyan riguna da kaftani, gama nan kuɗi ya ke. Sai Gwaggo ta kwashi adashenta, ta sayi tsohon keken Singer na ƙafa, ta kama ɗaki ɗaya a bakin hanya, ta ce ita kayan yara kaɗai za ta yi.

Mu mun buɗe ido muka tarar da shagon wajen 1988. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, da igiya biyu daga bango zuwa bango. A igiya ɗaya kayan makaranta, a ɗayar kuma 'yan riguna na atamfa, da taguwoyi, da hulunan sanyi na jarirai, da majanyu. A ƙasa ga kwando cike da ƙyallaye, a gefe kuma dutsen guga na gawayi. Har yau in muka ji ƙanshin sabon yadi da hayaƙin gawayi, sai mu ga kanmu a zaune a bakin ƙofar nan muna zura mata zare a allura, domin idonta ya fara rauni.

Tana da wata ka'ida da ba ta karyawa. Kowace riga sai ta bar mata kalmasa mai faɗin yatsa huɗu, wando ma haka. In uwar yaro ta yi ƙorafi cewa rigar ta yi yawa, sai ta ce, "Ƙyale shi, uwar ɗaki, yaro ba ya jiran riga." Baɗi war haka a kawo mata, ta warware kalmasar, ta sake dannewa, ba ta karɓar ko kwabo. Riga ɗaya ta kan yi wa yaro shekara uku, sa'an nan ta gangara ga ƙanensa. Kasuwar Ɗambatta ran Lahadi ta ke ci, ita kuwa ran nan tana majami'a, shago a kulle. Duk da haka ba ta rasa masu ciniki ba, sai su zo ran Asabar ko su biyo ta ran Litinin. Maƙwabtanta Musulmi su ne mafi yawan masu kawo mata ɗinki. A shekarar 2000, da Ƙaramar Salla ta zo kwana biyu ko uku bayan Kirsimati, mun ga ta yi mako guda ba ta kwanta kafin carar zakara ba.

To, manomi ba ya riƙe da kuɗi sai da kaka, yaro kuwa ba ya fasa tsawo don damina ta yi nisa. Don haka yawancin cinikin Gwaggo na bashi ne. Tana da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta raba kowane shafi gida uku: suna, yawan yadi, da kuɗi. In kaka ta yi sai a zo a biya, wani da kuɗi, wani da tiyoyin gero ko na wake, ita kuma ta ja layi a kan sunan da jan biro a gaban mai shi. Ita ma kanta bashi ta ke ɗaukowa. Ta kan shiga mota zuwa Kantin Kwari a Kano, wani Alhaji mai yadi ya ba ta bandir biyu ko uku a kan amana, sai ta sayar ta kawo. Shi ma Alhajin yana da waɗanda ke binsa a masaƙa. Kun ga ke nan igiya ce guda tun daga Kaduna ko Kano har zuwa gindin rumbun manomi, in ta tsinke a wuri ɗaya kowa sai ya ji a jikinsa.

Daga baya zamani ya juya. Kafin 1986 naira ɗaya ta kan yi kusan dala ɗaya ta Amurka. A shekarar nan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta soma zubewa, har ya zama a 1993 sai an ba da kamar naira 22 kafin a sami dala ɗaya a farashin gwamnati. Yadi ya yi tsada, zare da maɓalli ma haka. Mutane suka koma ga gwanjo, 'yan kasuwa suna sayo dila a Ƙofar Wambai su baza a ƙasa ran kasuwa. A 1997 aka ɗage dokar hana shigo da yadi daga waje, ba a daɗe ba kayan ƙasar Sin masu araha suka cika Kwari, har da ɗinkakkun kayan yara a cikin leda. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki tun 1957, ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Gwaggo ta sa wa shagonta kwaɗo a 2006, ta koma gida da kekenta.

Shekara da shekaru, in zancen shagon ya taso a gidanmu, abin da mu kan ce ke nan: gwanjo ne da kayan Sin suka kashe shi. Mu malamai ma mu kan ƙara da bayanin dala da naira, kowa ya gyaɗa kai. Ba ƙarya muka yi ba, amma ashe rabin gaskiya muka riƙe.

Gwaggo ta rasu a 2019. Bayan an share makoki, 'yarta ta fari ta kira mu ɗaki, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fito da littattafai tara a ɗaure da tsumma. Ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, duba ka gaya mini abin da za mu yi da waɗannan." Muka zauna muna buɗewa shafi shafi. Ko'ina jan layi. Ga sunan mai sayar da itace, ga na matar mai unguwa, ga na wani Bafillace da ya biya da man shanu, duk an soke. Can sai muka fara cin karo da waɗanda ba a soke ba. Muka ƙirga, guda 47 ne. A cikinsu 38 namu ne, watau dangi na jini da 'yan'uwa da mu ke sujada tare. A shafi ɗaya muka karanta da idonmu: "Ƙanena, yara huɗu, yadi 12, Kirsimati 1991." Ɗaya daga cikin yaran nan huɗu shi ne mai rubuta muku wannan. Rigar ma mun tuna ta, shuɗiya ce mai aljihu biyu.

Mun tuna har ranar da aka karɓo kayan. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, a rubuta, sai kaka in Allah ya kai mu." Ta ce, "Haba, ai na gida ne, kwashe su ku tafi kada dare ya yi muku." Baba ya ɗauki maganar nan a kan kyauta ce. Ita kuwa kunya ce ta sa ta faɗi haka, gama ina babbar ya za ta buɗe baki ta bi ƙanenta bashi? Amma ta rubuta, domin yadin ba nata ba ne, na Alhajin Kwari ne. 'Yarta ta gaya mana cewa kowace shekara bayan Kirsimati sai Gwaggo ta kai akuya ko tunkiya kasuwa ta cike gurbin, don kada ta je Kano da kuɗin mutane a gutsure. Alhajin bai taɓa binta ko sisi ba har ta bar sana'ar. Mu ne muka cinye awakin, ba mu sani ba.

Bari mu yi lissafi irin na aji, da misali kawai. A ce bandir yana da yadi 30, ribar mai shago kuma bayan ta fid da kuɗin mota da zare da gawayi ba ta wuce kuɗin yadi 3 ba. In ɗan'uwa ya kwashi yadi 12 bai biya ba, ribar bandir huɗu ke nan ta tafi. In kuwa ya biya bayan shekara biyar a lokacin da naira ke faɗuwa, kuɗin da ya kawo ba zai sayo ko rabin yadin ba. Mai babban kanti yana iya jure wannan. Mai keke ɗaya da igiya biyu ba ta iyawa. Gwanjo ya zo ya tarar da shagon ya riga ya rame ne, shi ya sa turi ɗaya ya kayar da shi.

Ba mu ce Baba mugu ba ne, ko kawunanmu. Talauci gaskiya ne, bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya ba mu kunya shi ne, baƙo yana jin nauyin sunansa a littafi, mu kuwa muka mai da zumunci hujjar mantuwa. Wanda ya fi kusa da ita shi ya fi cutar da ita, yana kuwa gaishe ta kowace safiya da fara'a.

Da muka kai wa Baba littafin, ya daɗe yana kallon shafin bai ce kome ba. Daga baya ya sa aka tara dangi a zaure. Waɗansu suka ce a bar maganar, mai abu ta riga ta tafi. Wani ya ce a biya kuɗin da aka rubuta, abin da a yau ba zai sayi ko ƙullin gishiri ba. Sai Baba ya ce, "Yaya ba kuɗi kaɗai ta rubuta ba, ta rubuta yadi. Yadi muka ɗauka, yadi za mu mayar." Haka aka yi. Kowane gida ya sayo yadinsa a farashin ranar, wanda ba shi da hali aka ba shi kaka biyu. Ba duka suka kawo ba, kada mu yi muku ƙarya, har yanzu akwai sunaye bakwai da ba a soke ba. Abin da aka tara aka danƙa wa jikar Gwaggo wadda ta koyi ɗinki, aka kai tsohon keken wurin mai gyara. Yanzu ita ke ɗinka wa rabin 'yan makarantarmu kayansu, tana kuwa barin kalmasa yatsa huɗu.

'Yan'uwa, kusan kowane gida yana da irin Gwaggo: mai ɗinki, mai tuyar ƙosai, mai ɗan tebur, mai injin niƙa. Kafin mu je ɗaukar sabon ɗinki bana, ga abin da mu ke roƙo. Magidanci ya zauna da uwargida su tuna ko akwai tsohon bashi a wurin ɗan'uwa, a fara da shi tun hatsi yana rumbu. In an ce maka "ai na gida ne", kada ka yi saurin juya baya, ka sake tambaya a keɓe, "Gaya mini gaskiya, nawa ne?" In ba ka da hali, faɗi ranar da za ka kawo, in ranar ta zo ka je ko da rabi ne a hannunka. In bashin ya kwana shekaru, ka biya da abin da kuɗin zai saya yau. Ku kuma masu sana'a, in kyauta ce ku ce kyauta ce, in bashi ne ku faɗa a fili, gama kunyar rana ɗaya ta fi ɓacin rai na shekara ashirin sauƙi. In za ku je biya, ku tafi da yaran, su ga ana jan layi a kan sunan gidansu.

Littattafan nan tara suna wurinmu har yanzu. Shafin 1991 an soke shi, Baba ne ya ja layin da hannunsa, yana rawa. Sai dai wadda ya kamata ta gani ba ta nan.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. A gaida yara.