Waiwaye: Faston da ya bar tudun mun tsira

A watan Yunin 1939 Dietrich Bonhoeffer ya sauka a birnin New York. Abokai ne suka nema masa mafaka, domin ana dab da kiransa aikin sojan Hitler. Ko wata guda bai cika ba ya sake hawa jirgin ruwa zuwa Jamus. A ganinsa, wanda bai sha wuya tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar da za a gyara ƙasa.

Wannan fasto na ɗariƙar Lutheran ya daɗe da zama ƙashin kifi a wuyan gwamnati. Kwana biyu da hawan Hitler mulki a 1933 ya yi jawabi a rediyo kan haɗarin bauta wa shugaba, aka katse kafin ya ƙarasa. Da shugabannin coci suka yarda a kori fastoci masu jinin Yahudawa, sai ya bi sahun masu turjiya. Ya jagoranci makarantar horar da fastoci a Finkenwalde har 'yan sandan ciki suka rufe ta a 1937.

Abin da ya biyo baya ne ke ɗaure kai. Mutumin da ke wa'azin zaman lafiya ya shiga ofishin leƙen asirin soja ta hannun mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya zama ɗan aiken masu shirin kawar da Hitler. Bai wanke kansa ba. Ya ɗauka cewa laifi ne zai ɗauka ya je da shi gaban Ubangiji. Ni a nan nake ganin girmansa, don masu cewa hannunsu tsaf yake galibi naɗe shi suka yi.

An kama shi a Afrilun 1943, wata uku da yin baiko. Ranar 9 ga Afrilu, 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg yana da shekara 39, mako biyu kafin sojojin Amurka su iso.

Yau kowa na cewa nasa ne, har gunkinsa aka kafa a cocin Westminster na Landan a 1998. Amma lokacin da yake kurkukun Tegel, cocinsa bai sa sunansa cikin waɗanda ake yi wa addu'a ba, wai lamarinsa siyasa ce. Hukuncin cin amanar ƙasa da aka yanke masa kuwa, sai a 1996 wata kotu a Berlin ta bayyana cewa ba shi da tushe, shekara 51 bayan an ƙone gawarsa.