Zare: Kafin ku sabunta shafin manhajarku, ku tuna da masu shiga

1/ Jiya da daddare saura ƙiris in yi kuka a gaban kwamfuta, kuma wannan karon ba ɗauke wuta aka yi ba. Wasu ne suka "gyara" shafinsu na intanet. Bari in ba ku labarin, sannan in faɗi ra'ayina a kan wannan yayi na sabunta fasali. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Akwai wata manhaja ta kyauta da muke lissafin alƙaluma da ita a sashenmu. Ba zan kama suna ba. Tun ina aji biyu, duk sanda ta maƙale min sai in kwafi saƙon kuskuren in manna a Google. Amsar farko kullum daga zauren tattaunawar masu amfani da ita take fitowa.

3/ Zauren nan tsoho ne, mummuna, kalarsa kamar bangon tsohuwar firamare. Amma akwai wani bawan Allah a ciki, ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsu ba, wanda amsoshinsa na shekarun baya suka fitar da ni kunya ya fi a ƙirga. Wallahi har addu'a nake masa.

4/ To jiya ƙarfe ɗayan dare, da safe zan miƙa aiki, manhaja ta ƙi buɗe fayil ɗina. Na garzaya Google. Ga tambaya irin tawa sak, har ina hango rabin layin farko na amsar. Ina dannawa sai ga zanen wani ɗan mutum yana ɗaga kafaɗa, a ƙasansa an rubuta 404.

5/ Ashe sabon shafi suka yi. Bidiyo na motsi a sama, rubutu na shigowa ta gefe, tambari sabo fil. Zauren kuwa sun rufe shi, wai kowa ya koma Discord. Amsoshin shekara da shekaru sun bi iska. Shafin farkon ma sai da ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe da sabis ɗin ɗakinmu.

6/ Na shiga Discord ɗin na yi tambaya. Shiru kake ji. Sai da asuba wata 'yar ajinmu ta turo min hoton amsar, ashe ta taɓa ɗauka a wayarta bara. Hoto guda ɗaya a tsohuwar waya ya yi min abin da sabon shafin gaba ɗayansa ya kasa. Allah Ya saka mata.

7/ Ga matsayata tun kafin mu yi nisa: abu mafi tsada a shafin kowace manhaja shi ne mutanen da suka saba zuwa, da abin da suka rubuta suka bari. Sabon fenti mako guda ya isa a yi shi. Dubban amsoshin da mutane suka rubuta kyauta kuwa, babu kasuwar da ake sayar da su.

8/ Kar ku ce haushi ne kawai yake cina. Wa ya san Digg a cikinku? Na san da yawa ba ku taɓa jin sunan ba, kuma dalilin rashin jin nasa shi ne darasin. Kevin Rose da abokansa suka kafa shi a Amurka a 2004. Mutane ke kawo labarai, mutane ke zaɓar wanda zai hau gaba.

9/ A watan Agustan 2010 suka fito da sabon fasali. Suka cire maɓallin da jama'a ke binne labarin banza da shi. Suka buɗe wa manyan kafafen yaɗa labarai ƙofa su riƙa zuba labaransu kai tsaye. Ga shi kuma sabon shafin sai faɗuwa yake yi. A taƙaice an ƙwace wuƙa da nama daga hannun masu gidan.

10/ Me jama'a suka yi? Suka cika shafin farko na Digg da adireshin labaran Reddit, abokin hamayyarsa, don tsokana, sannan suka kwashe kayansu suka koma can. A 2008 an yi ta rahoton Google na neman sayen Digg a kan kusan dala miliyan 200. A 2012 aka ce an sayar da sunan da shafin a kan kusan dala dubu 500.

11/ Garin gyaran gira an rasa ido kenan. Ku lura da abin da ya fusata mutanen Digg: ikon da suke da shi ne aka karɓe ba tare da an tambaye su ba. Da launi kawai aka canja, da sun yi gunaguni na kwana biyu sun haƙura.

12/ Na kusa da mu kuma, Snapchat. Farkon 2018 suka birkita tsarin manhajar, suka cusa labaran abokai cikin wurin hira, suka ware na fitattu gefe guda. Mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a Change.org suna neman a dawo musu da tsohon tsari.

13/ A Fabrairun shekarar Kylie Jenner ta yi rubutu ɗaya a Twitter cewa ta daina buɗe manhajar, darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta faɗi da kusan dala biliyan 1.3. Daga baya suka bayyana cewa masu shiga kullum sun ragu daga miliyan 191 zuwa 188. Dole suka ja da baya, suka gyara gyaran.

14/ Yanzu wani zai ce min: "Ai mutane dama ba sa son canji, ko me ka yi sai sun yi ƙorafi." Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. A Satumban 2006 da Facebook ya kawo jerin labaran abokai a shafin farko, ɗalibai dubu ɗaruruwa suka yi ca a kansa. Yau wa zai iya tunanin Facebook babu shi?

15/ Amma ku duba me Mark Zuckerberg ya yi a lokacin. Bai cire tsarin ba, amma ya fito ya amsa cewa sun yi kuskure, cikin kwanaki suka ƙara wa mutane damar zaɓar abin da za a nuna a kansu. Ya gane ainihin kukan na sirri ne, ya magance shi, ya bar sauran.

16/ Don haka ƙorafi iri biyu ne. Akwai "ban saba ba", wannan lokaci ke maganinsa. Akwai kuma "abin da nake yi jiya yau ba na iya yi", wannan shi ke korar mutum. Duk mai shafin da ya kasa bambance biyun nan, ya ɗauki kowa a matsayin mai taurin kai, yana hanyar Digg.

17/ Ni ba maƙiyin gyara ba ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Tsohon zauren da nake kewa ma yana da matsala: a waya sai ka yi ta jan rubutu hagu da dama, wurin bincikensa ba ya aiki, sabon shiga kuma wani lokacin a yi masa dariya. Duk waɗannan sun cancanci gyara.

18/ Ga waɗanda a ganina suka fi kusa da daidai: Wikipedia. Sun fara aikin sabon fasalin tun 2019, suka gwada shi a wasu harsuna kamar Faransanci da Farisanci, suna jin ra'ayin masu rubutu. Sai a Janairun 2023 ya hau kan ta Ingilishi. Shekaru fiye da uku a kan abin da wasu ke yi a wata ɗaya.

19/ Duk da haka an yi musu ƙorafi sosai. Amma ba su goge maƙala ko ɗaya ba, adireshi bai mutu ba, kuma mai asusu zai iya komawa tsohon fasalin in ya ga dama. Sun kuma dawo da maɓallin sauya harshe sama kusa da take. Ga mai neman ko akwai maƙalar da Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

20/ Reddit ma da suka yi nasu sabon fasalin a 2018 sun bar tsohon a buɗe a wani adireshi daban, ga duk mai so. Su da suka ci gādon mutanen Digg sun san yadda gādon ya zo hannunsu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

21/ To me nake so mai sabunta shafi ya yi? Na farko: kar adireshi ya mutu. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya yi rubutu a kan cewa adireshi mai kyau ba ya canjawa. In dole ka matsar da shafi, akwai umarnin 301 da ke kai mai nema sabon wurin da kansa.

22/ Misali na gabanmu: wannan dandalin ya koma X a 2023, amma ka danna tsohon adireshin twitter.com yau zai kawo ka nan. Duk abin da za a faɗa a kan sauran canje-canjen, wannan ɗaya sun kiyaye. Ƙaramin aiki ne ga mai rubuta manhaja, ga ɗalibi a ƙarfe ɗayan dare kuwa ceto ne.

23/ Na biyu: kar a mayar da taska zuwa ɗakin hira. Discord da WhatsApp da Telegram suna da daɗin hira, amma abin da aka faɗa a rufaffen rukuni Google ba ya gani. Amsar da aka bayar yau, mai irin matsalar baɗi ba zai same ta ba. Sai ya sake tambaya, masu amsawa su gaji.

24/ Mu da kanmu mun sani. Sau nawa aka tambayi "yaushe za a rufe rajista" a rukunin ajinku? Sau nawa aka ce "ka duba sama"? Wa ke duba saƙo ɗari takwas? A yi hira a ɗakin hira, amma amsa mai amfani a ajiye ta a buɗaɗɗen shafi, inda baƙo zai tsince ta.

25/ In kuma ba za ku iya ci gaba da kula da tsohon zauren ba, saboda kuɗi ko 'yan tallan banza, na fahimta. Ku kulle shi daga sabon rubutu, ku bar shi a karanta. Rubutu zalla ba shi da nauyi. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

26/ Na uku: ku gwada shafin a wayar talaka. Mai zanen yana zaune da babbar kwamfuta da intanet mai gudu, komai a wurinsa walƙiya ne. Mu kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, kowane bidiyo mai kunna kansa daga aljihunmu yake ci.

27/ Ku duba Nairaland. Tun 2005 da Seun Osewa ya kafa shi, fasalinsa kusan bai motsa ba. Ba wanda zai ce yana da kyan gani. Amma yana buɗewa ko da sabis sanda ɗaya ne, kuma tattaunawar shekaru goma baya tana nan inda aka bar ta. Shi ya sa har yau Google ke kai mutane can.

28/ Na huɗu: ku tambayi masu amsa tambayoyi kafin ku taɓa komai. A kowane zaure 'yan tsiraru ne ke ɗauke da nauyin kowa, ba albashi, ba godiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In suka ji canji a bakin duniya kamar kowa, za su yi shiru su tafi, ba ko sallama.

29/ Na biyar: shafin farko ya amsa abu uku cikin sauri. Mece ce wannan manhajar? Ina zan sauke ta? In na maƙale wa zan tambaya? Shafin jiya sai da na wuce hotunan mutane suna murmushi har kashi uku kafin in ga wurin neman taimako, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

30/ Wannan kuma gare mu ne, 'yan uwana masu koyon rubuta manhaja. Muna son shafi mai ƙyalli saboda shi ake ɗauka a hoto a nuna wa mai ba da aiki. Gyara matattun adireshi ba ya kawo yabo. Amma ranar da aka ba ka shafin da mutane ke dogaro da shi, amana aka ba ka.

31/ Dabara ga wanda ya faɗa irin halin da na faɗa: ka kwafi mataccen adireshin ka kai Wayback Machine na Internet Archive, sau da yawa akwai tsohon kwafi. Nawa dai ba a adana ba. Kuma duk amsar da ta taɓa cetonka, ka ɗauki hotonta tun yau.

32/ Na tura musu saƙo da safen nan, cikin ladabi, na roƙi su dawo da zauren ko don karatu kawai. In sun amsa zan sanar da ku a ƙarƙashin zaren nan. Ku kuma ku faɗa min: wace manhaja ce aka "gyara" har kuka daina buɗewa? Aikin dai na miƙa, saura sakamako. Ku sa ni a addu'a. 🙏