FILIN KIMIYYA: Lissafin gudu da birki, daga gadar Kennedy zuwa hanyar Doso

 A wannan mako filinmu zai duba darasin motsi, wanda shi ne ƙofar shiga ilimin fizik. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan hardace ƙa'idojinsa da faransanci, su zuba su a takardar jarrabawa, su mance. Alhali kuwa wannan darasi kullum ana aiki da shi bisa titunan Yamai, kuma wanda ya kuskure lissafinsa wani lokaci da rai yake biya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ke nan batun ya shafi ƴan lakwal kai tsaye.

Sauri

Sauri shi ne nisan da aka ci, a raba shi da lokacin da aka ɗauka. Mu ɗauki gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, mai tsawon mita 710. Ita ce ɗalibai da yawa ke ƙetarawa zuwa Harobanda, inda jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni take, wato masanin fizik ɗin nan haifaffen Tasawa (1929-1991). Mai tafiya a ƙasa da saurin kilomita 5 a awa zai ƙetare ta cikin minti 8 da rabi. Motar da ke cin mita 10 kowane sakan kuwa sakan 71 ya ishe ta. Mita 10 a sakan daidai yake da kilomita 36 a awa, domin awa ɗaya sakan 3600 ce, kilomita ɗaya kuma mita 1000. Saboda haka duk wanda ke son mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan sai ya raba da 3,6. A riƙe wannan lamba da kyau, za mu nemi ta nan gaba.

Sauri iri biyu ne. Motar haya da ta tashi daga tashar Wadata ta isa Doso, tafiyar kimanin kilomita 140, cikin awa 2, matsakaicin saurinta kilomita 70 ne a awa. Amma a hanya ta tsaya sauke fasinja a Kure, ta yi ta jan ciki a kasuwar Birnin Gaure, sa'an nan a fili direba ya taka har 110. Abin da allurar agogon mota ke nunawa shi ne saurin nan take. Ranar haɗari ba a tambayar matsakaicin sauri, saurin wannan sakan ɗin kaɗai ke yanke hukunci.

Sauri mai alƙibla

Littafin faransanci kalma ɗaya gare shi, vitesse, sai ya ƙara mata vecteur idan yana nufin sauri tare da inda aka dosa. Mu a nan za mu kira shi sauri mai alƙibla. Motoci biyu da suka yi kiciɓis tsakiyar gada, kowace tana gudun 40, saurinsu ɗaya, alƙiblarsu kishiyoyi, don haka tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 80 a awa. Wannan shi ya sa karon gaba da gaba ya fi muni bisa ga karon da mota ta cim ma wata ta baya.

Matuƙan kwale-kwale na kogin Isa sun daɗe da sanin wannan ilimi ba tare da allo ba. A ce faɗin ruwa mita 400 ne a wurin fito, matuƙi yana tuƙi kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar da saurin kilomita 4 a awa, ruwa kuma yana gangarawa wajen Sayi da saurin kilomita 3. Cikin minti 6 zai ƙetare, amma ruwa ya janye shi mita 300 ƙasa da inda ya nufa. Hanyar da ya bi a karkace mita 500 ce, wato saurinsa na haƙiƙa kilomita 5 a awa. A nan 4 da 3 sun ba da 5, ba su ba da 7 ba, domin alƙiblunsu sun gitta juna. Ƙa'idar Pitagor ce da aka koya a kwaleji. Dalili ke nan da ya sa gwanin matuƙi yake karkata gaban jirginsa sama da ruwa, musamman lokacin da kogi ya cika.

Canjin sauri

Na uku shi ne abin da ake kira accélération. Mutane sukan fassara shi da ƙarin gudu, amma ma'anarsa a fizik ta fi haka faɗi: duk wani canji da ya samu sauri mai alƙibla, a raba shi da lokacin da canjin ya ɗauka. Taksin da ya tashi daga tsaye ya kai mita 10 a sakan cikin sakan 5, kowane sakan yana ƙara mita 2 a sakan. Taka birki ma canjin sauri ne, na ragi. Haka nan zagaya shataletale, ko da allura ba ta motsa ba, domin alƙibla tana juyawa. Jikin ɗan Adam ba ya jin sauri, canjinsa yake ji. Fasinjan jirgin sama yana shan shayinsa lafiya lau bisa gudun kilomita 800 a awa, amma fasinjan faba-faba da an taka birki sai goshinsa ya nemi kujerar gaba.

Galile, mutumin Italiya, shi ya fara auna wannan al'amari da kyau, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1638. Ya riƙa gangaro ƙwallon tagulla bisa katako mai kwari, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga wani mazubi. Sai ya ga cewa idan ƙwallo ya ci awo 1 a lokaci na farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Jimilla ke nan 1, 4, 9, 16: nisa yana tafiya da lokaci sau kansa. A 1687 Niyuton na Ingila ya bayyana dalili, cewa ƙarfi shi ke canza sauri, kuma girman ƙarfin shi ne nauyin abu sau canjin saurinsa. Abin da ke faɗowa daga sama yana ƙara kimanin mita 9,8 a sakan kowane sakan. Mangwaron da ya tsinke daga reshe mai tsayin mita 5 yana isowa ƙasa cikin sakan ɗaya, da saurin wajen kilomita 36 a awa.

Inda lissafi ke zama rai da mutuwa

Yanzu mu haɗa ukun bisa kwalta. Tsayawar mota kashi biyu ce. Da farko akwai lokacin da ke tsakanin ganin ido da taka birki, wajen sakan ɗaya ga direban da hankalinsa ke kan hanya. Cikin wannan sakan mota tana tafiya da cikakken gudunta. Sa'an nan birki ya kama. A busasshiyar kwalta, da tayu masu kyau, mota tana iya rage kimanin mita 7 a sakan kowane sakan. Nisan birki kuwa shi ne sauri sau kansa, a raba da ninki biyu na wannan ragi.

Mai gudun 50 yana cin mita 14 a sakan. Mita 14 kafin birki, mita 14 na birki, jimilla mita 28. Mai gudun 100 yana cin mita 28 kafin birki, sa'an nan wajen mita 55 na birki, jimilla mita 83. Gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu. Lissafin Galile ne ya dawo ta wata ƙofa.

Ga misalin da ya kamata kowane mai koyon tuƙi ya zauna ya lissafa da hannunsa. Yaro ya faɗo titi mita 28 gaban motoci biyu. Mai gudun 50 zai tsaya daf da shi. Mai gudun 60 zai cinye kusan mita 17 kafin ya taka birki, saura mita 11, kuma zai iske yaron yana bisa gudun wajen 40. Bambancin kilomita 10 a agogo ya zama bambancin kilomita 40 a jikin yaro. To, me mai 60 ɗin ya samu? A duk tsawon gadar Kennedy, sakan 8 da rabi kacal ya riga ɗan'uwansa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce sauri kan haifi nawa.

Wannan lissafi ma na hanya mai kyau ne. A Yamai iska da ruwan damina suna shimfiɗa rairayi bisa kwalta, taya ta kasa riƙo. Idan ƙarfin birki ya ragu da rabi, mai gudun 50 zai bukaci mita 42 maimakon 28. Da dare kuma bisa hanyar Doso, mai gudun 100 da ƙaramar fitila, wadda haskenta bai kai mita 83 ba, in ya hangi amalanken jaki marar fitila, ya riga ya makara.

Domin a gane nauyin karo, a kwatanta shi da faɗuwa. Buga bango bisa gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. Bisa gudun 100 tsayin ya kusa mita 40. Abin da ke karya ƙashi shi ne tsayawa farat ɗaya, domin gajeren lokaci yana nufin babban canjin sauri, shi kuma yana nufin babban ƙarfi. Aikin hular kwano da ɗamarar kujera ke nan: su tsawaita tsayawar. Kan da ya tsaya cikin santimita 4 na soson hula yana shan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da zai sha in ya tsaya cikin santimita 1. Ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu sai su yi tunani.

Muna kira ga malaman fizik da su fito da ɗalibai harabar lakwal da igiyar awo da agogo, su auna gudun keke da nisan tsayawarsa bisa ƙasa mai tauri da bisa rairayi. Darasin da ƙafa ta taka ya fi zama a kai.

Ga aikin gida. Babur yana gudun kilomita 72 a awa, mai shi ya ɗauki sakan ɗaya kafin ya kama birki, birkin kuma yana rage mita 5 a sakan kowane sakan. Mita nawa zai ci kafin ya tsaya cik? In da gudun 36 yake yi fa? A fara da rabawa da 3,6. Amsa tana tafe a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba ɗalibanmu sa'a.